Ranar da Yomo Ya Ƙare

SHAFI NA 31

To, masu cika min waya da saƙo kuna cewa na bar ku a rataye, ga shi nan, ku sarara min haka. Amma wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta sha ruwa tukuna. Ni kaina da na gama rubutawa sai da na tashi na zaga ɗaki.

* * *

Saura kwana biyu.

Kwana goma sha huɗu gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fice daga Ghana, sha biyu sun wuce. Zongon Kumasi ya koma kamar gidan makoki. Duk inda ka duba ƙullin kaya ne da mata masu jan ido, ga azumi a baki.

A wannan Zongon aka haifi Hadija, a nan aka binne cibiyarta. Amma ubanta Bukari Bazabarme ne daga Nijar, takarda kuwa ko ta naɗe ƙosai ba ta da ita. Ranar Talata da safe lorinsu zai tashi.

Shi ya sa da hantsin Lahadi ta goya Humu ta nufi gidan da aka kore ta kusan shekara uku da suka wuce, gidan tsohon mijinta Mutaru kafinta. Laifinta ɗaya: ta haifi yarinya mai idon hagu shuɗi tar kamar ruwan bula. Uwar Mutaru, Mma Adizatu, ita ta fara cewa wannan ido ba na gidansu ba ne, a je a tambayi ɗan Siriya mai kantin atamfa a unguwar Adum. Daga baya kuma aka gane yarinyar ba ta ji.

A ƙofar gida ta tarar da wani tsoho a kan buzu yana jan carbi. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa, ranar ɗaurin aurenta. Baba Abukari ne, wan marigayi uban Mutaru, ya sauko daga ƙauyensu na arewa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai kalle ta ba, goyon yake kallo.

"Ta wace ce wannan?"

"Yanzu za a ji, Baba."

Ya ɗaga sandarsa ya ƙwala wa wata tasa da ke gefensa. Ƙwarrr! Har kajin gidan suka watse. Humu ko gezau, tana ta wasa da bakin gyalen uwarta.

"Shekararta nawa?"

"Da Sallah za ta cika uku."

Ya ce, "Uhm." Carbin ya tsaya a hannunsa.

Da ni ce Hadija, wallahi a nan zan juya. Amma mai neman mafita ba ya ganin rami.

Ɗakin Mma Adizatu a rufe yake, kamar yadda ya saba duk ranar kitso. Shekara huɗu Hadija ta yi a gidan nan ba ta taɓa ganin kan surukarta ba ɗankwali ba. Mamunatu mai kitso ce kaɗai ke shiga, ta fito da yatsu baƙi ƙirin.

Hadija ta yi sallama ta tura ƙofar da ƙarfi har sakata ta karye, ba ta jira amsa ba.

"Ei! Wane mara kunya..." Mamunatu ta daskare da tsinken kitso a hannu.

Ga Mma zaune a tabarma, kai a buɗe. Daga tsakiyar goshinta wani farin gashi ya tashi, faɗin yatsa uku, fari fat kamar auduga. Bakinsa ne kawai ke da sauran baƙi. Har fatar da ke ƙarƙashinsa fara ce.

Ku gane abin da ya faru. Yomo, wato baƙin rinin gashi, matan Yarabawa ne ke sayar da shi a kasuwa. Dokar kora ta kwashe su, rumfunansu a rufe. Mamunatu ta zaga har unguwar Krofrom ba ta samu ko na shafa gira ba. Abin da aka rufe shekara arba'in, sati biyu suka tone shi.

Mma ta wawuro ɗankwali.

Hadija ta ce, "Bar shi, Mma. Na riga na gani."

"Fita! Wa ya ba ki izinin taka min ɗaki? Mutaru! Mutaru, zo ka fitar min da wannan!"

Mutaru ya shigo da gudu, Lahadi ce bai je rumfarsa ta unguwar Anloga ba. Yana ganin Hadija ya haɗe rai.

"Me kika zo yi?"

"Sannu, Baban Humu."

"Kar ki ƙara haɗa sunana da nata."

"Zan haɗa. Yau kam zan haɗa, da azumi a bakina."

Ta kwance goyon ta tsayar da Humu a gabanta.

"Ranar Juma'a na kai ta asibiti, ko zan samu takardar da za ta nuna a nan aka haife ta. Ban samu ba. Amma Anti Rakiatu nas, 'yar unguwar nan, ta kalli idonta ta kira likita. Suka kaɗa mata ƙararrawa a bayan kunne. Suka auna tsakanin idanunta. Sai Anti Rakiatu ta yi min tambaya uku."

"Ni ba na son surutu," in ji Mma.

"Ta ce, a danginku ko na ubanta, akwai mai farin gashi a goshi tun yarinta? Akwai wanda ya yi furfura da ƙuruciya? Akwai wanda kunnensa ɗaya ba ya ji?"

Hadija ta ci gaba.

"Na ce mene ne haɗin gashi da ido? Mene ne haɗin ido da kunne? Ta ce abu ɗaya ne. Ƙwayar gado guda ɗaya tak, yadda ɗa ke gadon wushiryar uwarsa. Sai dai ita wannan ba wuri ɗaya take taɓawa ba. Ita ke hana gashin goshi yin baƙi, ita ke sauya launin ido, ita ke toshe kunne tun yaro na ciki. Wani ta taɓa masa ɗaya, wani biyu, wani duka. Kaka ta fito da gashin, jika ta fito da idon, mutane su ɗauka ba su haɗa komai ba. Ta ce ba aljani ba ne, ba baki ba ne, ba kuma ɗan Siriya ba ne."

Mamunatu ta ce, "Saa? Ashe haka ne? Ikon Allah."

"Na kwana biyu ina lissafa gidanmu, daga kakata har 'ya'yan yayyena. Babu. Sai na juyo gidan nan." Ta nuna Mutaru da yatsa. "Cire hularka."

"Kin haukace ne?"

"Me abokan aikinka ke kiranka a Anloga? Ba Oluman suke ce maka ba, wai tsoho? Shekararka ashirin da biyar kanka ya yi fari, ka ce ƙurar katako ce. Dubi girarka yadda ta haɗe. Dubi faɗin karan hancinka. Yanzu dubi nata."

Mutaru bai so ba, amma ya duba. Tun ranar arba'in bai ƙara kallon yarinyar nan ido da ido ba. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce a hankali, "Furfura ai kowa na yi."

"To, ga kan Mma. Ka taɓa ganinsa?"

Ya juya. Mma ta dafe goshi da tafin hannu, amma farin ya leƙo ta tsakanin yatsunta.

"Tsufa ne," in ji ta.

"Anti Mamunatu, tsufa ne?"

Mamunatu ta sunkuyar da kai. "Ni mai kitso ce, 'yar nan. Abin da na gani a kai, a kai nake barinsa."

"Ban ce ki tona ba. Na ce da azumi a bakinki, ki ce tsufa ne."

Mamunatu ta buɗe baki, ta rufe. Ba ta ce ba.

Mma ta juyar da fuska bango, alamar ta gama magana. Hadija ta zaga ta bayanta a hankali, ta rusuna daidai kunnen hagu, ta yi raɗa:

"Mma, ga kunama a kafaɗarki."

Mamunatu ta yi tsalle ta yar da tsinke. Mutaru ya zabura yana neman takalmi. Mma Adizatu kuwa tana nan zaune, ko motsi ba ta yi ba. Sai da ta ga inuwarsu ta hargitse sannan ta waigo.

"Mene ne? Me ya faru?"

"Astagfirullah, ba kunama," in ji Hadija, hawaye na zubo mata. "Shekara huɗu ina gaishe ki ta wannan gefen kina min banza. Na ce girman kai ne. Duk Zongo sun ce girman kai ne. Ashe ba kya ji ne."

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku abin da Mutaru ya yi ba. Ya zube a gwiwa gaban yarinyar, ya miƙa hannu kamar mai tsoron wuta. Humu ta kalle shi, ta kalli uwarta, sannan ta kama gemunsa ta ja. Ƙato da shi ya fashe da kuka.

"Tawa ce. Wayyo Allah, tawa ce. Hadija, na cuce ki."

Ya cuce ta mana! Yanzu ya sani? Shekara uku tana soya ƙosai a bakin titi, mata na zuwa ba don saye ba sai don su leƙa idon goyonta su yi gulma. Ubanta ya daina zuwa masallacin unguwa saboda kunya. Ni dai kukan nan bai burge ni ba.

Amma Hadija ta ji sanyi a ranta, wanda rabonta da shi har ta manta. Ta share ido.

"Na yafe. Ba tonon asiri ya kawo ni ba. Kai ɗan ƙasa ne. Gobe mu je ofis ka ce ni matarka ce, wannan 'yarka ce, su bar mu mu zauna. Ko ɗaki ba na so. Ka tsaya min kawai."

Mutaru ya kawar da kai.

"Baban Humu?"

Mamunatu ce ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "Mutaru, saki nawa ka yi mata?"

"Anti, ai kina wurin."

"Faɗa dai."

"Uku. Gaban malam da shaidu."

"Innalillahi," in ji Mamunatu. "To ai ba kome, sai ta auri wani ya sake ta. Wannan kuwa ba aikin kwana biyu ba ne."

"To ka faɗa musu kawai," in ji Hadija. "Su ina suka san saki?"

"Duk Zongo sun sani. Yanzu maƙwabci ke kai ƙarar maƙwabci don ya gaji ɗakinsa. In aka kama mu da ƙarya, ke da ni duka ne." Ya miƙe da Humu a kafaɗa. "Ke ba yadda zan yi da ke. Amma ita 'yar Ghana ce. Tana nan."

Hadija ta matso kusa da shi.

"Tana ina?"

"Gidan ubanta."

"Ban zo ba da 'ya ba!"

"Ke kika ce tawa ce. Ke kika kawo shaida. An yaye ta, ɗa kuwa in an yaye shi na uba ne, kin sani. Kina jin abin da ake faɗa a kan boda, mutane na kwana a rana ba ruwa, yara na mutuwa a bayan lori. Ba zan saka jinina a ciki ba."

"Jininka? Yau da hantsi ta zama jininka? Ka san yadda take cewa tana jin ƙishi? Ka san in tana tsoro me take yi da hannunta? Ba ta jin kira, Mutaru! In ta nufi titi sai dai ka ruga ka kamo ta. Wa zai ruga a gidan nan?"

"Zan koya."

"Ba ni 'yata!"

Humu ta ga fuskokin sun ɓaci, ta fara zillo. Mutaru ya sauke ta ƙasa, ya tsaya tsakaninta da uwarta.

Sai suka ji dariya.

Mma Adizatu ce. Wata irin dariya mara daɗin ji, hawaye na bin kumatunta. Ta saki goshin, ta bar farin gashin a fili.

"Wawuya," ta ce. "'Yar Bukari, ke wawuya ce. Kin zo da iliminki na asibiti. Kina tsammani ban sani ba? Ranar da aka miƙo min ita ta buɗe idon nan, na san tawa ce. Tun kafin a yanke cibiya na sani."

Mutaru ya ce, "Mma? Kin sani kika sa na..."

"Rufe min baki. Mamunatu, ja ƙofar nan."

Mamunatu ta ja, amma ƙofar ba ta kama ba, sakatar ta karye tun da Hadija ta turo.

Mma ta rage murya.

"Kai ba kai ne ɗan farina ba. Kafin kai na haifi mace, can ƙauye. Hawa. Idonta duka biyu irin wannan. Kyakkyawa, ga dariya. Ba ta ji."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"An hana a faɗa. Dangin ubanka suka ce ba mutum ba ce, 'yar ruwa ce ta zo cinye gida. A shekarar shanu biyu suka mutu, kakarka ta kwanta ciwo, komai aka ce ita ce. Suna sallah fa, amma wannan al'adar ba su bar ta ba. Suka ce za a ba ta shekara uku. In ta yi magana, mutum ce. In ba ta yi ba, a mayar da ita inda ta fito."

Hadija ta dafa bango.

"Na kwana ina koya mata. Ina kama leɓenta da yatsa, ina cewa ce Mma, ce Mma kawai. Sai ta yi min dariya, ta ɗauka wasa ne. Ranar da ta cika uku, da hantsi kamar yanzu, wan mijina ya zo ya ce zai kai ta kogi ganin kifi. Ni na sa mata riga. Ni da hannuna." Ta kalli tafin hannunta. "Ya dawo shi kaɗai, wandonsa a jiƙe har gwiwa."

Mamunatu ta toshe baki tana salati.

"Tun ranar nake rina gashin nan, don an fara cewa a kaina alamar take. Na matsa wa ubanka muka gudo Kumasi. Da aka haife ka na tafa a bayanka ka firgita, na yi azumi uku na godiya. Sai ga wannan ta zo da idon Hawa."

"Shi ne kika ce na yi zina," in ji Hadija. "Kika zubar da ni a titi."

"Eh, na ce. 'Yar gida ta dangi ce, su ke yanke mata hukunci. Shegiya kuwa ba ta da kowa sai uwarta, ba wanda zai miƙo hannu ya ce tamu ce. Na zubar da mutuncinki don in bar miki 'yarki. Allah zai tambaye ni, na sani. Da kin hau lorinki jibi da ita a bayanki, da na kwanta na yi barci."

"Da kin faɗa min! Mma, da kin faɗa min!"

"Da na faɗa miki za ki iya shiru? Ga shi yau kin tsaya kin ɗaga murya kin tabbatar wa duk gidan nan tamu ce."

Mutaru ya matso kusa da uwarsa.

"Mma, wane wan Baba? Ai wa ɗaya gare shi."

Mma ƙofar take kallo.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar sanda a kan siminti, dab da bakin ɗaki.

Hadija ta duba bayan Mutaru, inda ya ajiye yarinyar. Ba ta nan. Ƙofar da ba ta kama ba ta buɗe faɗin tafin hannu biyu.

Ta banke ta.

Baba Abukari na tsaye a tsakar gida. Sanda a hannun dama. A hagu kuwa ɗan hannun Humu ne, ta ba su baya, tana wasa da carbin da ke rataye a wuyan hannunsa.

"Na ji komai," ya ce, fuskarsa a sake. "Ashe tamu ce. To madalla. Adizatu, kin ɓoye mana 'ya, ba ki kyauta ba."

"Yaya Abukari," in ji Mma daga cikin ɗaki, tana rarrafowa. "Don girman watan nan..."

Bai ko kalle ta ba.

"Ke 'yar Zabarma, Allah ya kai ku lafiya. Kar ki damu da wannan, tana hannun dangi. Laraba zan koma gida, zan tafi da ita ta yi Sallah a can, ta ga mutanenta." Ya shafa kan yarinyar. "Da Sallah kika ce za ta cika uku, ko?"

Mutaru ya ce, "Baba, a bar ta a..."

"Kai, yaushe ka fara magana ina magana?"

Mutaru ya sunkuyar da kai. Wallahi ya sunkuyar.

"Garinmu da daɗi," in ji tsohon, ya juya ya nufi ƙofar gida da ita. "Akwai kogi a bayan gari. Yara na son ganin kifi."

Hadija ta yunƙura, Mutaru ya riƙe mata hannu. Ta buɗe maƙogwaro da duk ƙarfin da Allah ya ba ta, har tattabarun kan kwano suka tashi.

"HUMU! HUMUUU!"

Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Har mai tallan biredi a titi ya tsaya ya waiwayo.

Humu ba ta juyo ba.